Ranar da Mamman Tela Ya Kashe Na'urar

A shekarar 1971 Mamman Tela ya san Isah, a tashar Gusau, suna jiran mota ɗaya zuwa Bungudu. A wancan zamanin ana tafiyar hanyar nan ba fargaba. Mamman ɗinki yake yi, Isah kuwa manomi ne a Rawayya. Zumuncin nasu ya kai su furfura.

Da girma ya zo, ciwon rawar jiki ya kama Mamman. Allura ta gagare shi, daga baya har ludayi. Isah ne yake zuwa ya saki labulen shago, ya ba shi fura a baki don kada jikoki su gani.

Ɗansa Mannir ya kai shi ƙasar waje. Likitoci suka dasa masa siririyar waya a ƙwaƙwalwa da batir a ƙirji. Hannu ya natsu, har ya koma kan keken ɗinki. Amma harshe ya yi nauyi, sai Mannir kaɗai ke gane maganarsa. In an kashe na'urar, murya ta washe, jiki kuma ya koma kaɗawa fiye da da. Likita ya gargaɗe shi kada ya taɓa ta. Mamman ya zaɓi hannu, ya haƙura da hira.

Bayan rasuwar Isah, 'ya'yan ƙannensa suka taso wa matarsa Inno a kan gonar da take ci da ita. Isah ya ba ta kyauta tun yana raye, amma cikin shaidu Mamman kaɗai ya rage. A gaban alƙali ya yi magana, aka ce ba a ji ba. Aka kuma ƙi yarda ɗansa ya fassara.

Sai ya miƙa wa Mannir hannu, yana neman abin kashe na'urar.

"Baba, likita ya hana."

Mamman bai janye hannun ba. Da Mannir ya ba shi, da kansa ya danna abin kashewar. Ba a jima ba rawa ta taso, hularsa ta faɗi, benci yana ƙara a ƙarƙashinsa. Ya faɗi shekarar kyautar da sunayen shaidun da suka mutu, kalma kalma, kowa yana ji. Aka bar wa Inno gonarta.

An kunna na'urar, amma wajen fitowa, kafin ta sake kama jikinsa, ya faɗi a kan matakala, ƙugunsa ya karye. Bai ƙara hawa keken ɗinki ba. Da Inno ta zo godiya, ya ɗaga hannu ya tsayar da ita, ya nuna wa Mannir tabarma ya shimfiɗa mata.