Faifan Tagullar Goggo Tatsue

Goggona Tatsue, ƙanwar mahaifina, shekara ashirin da bakwai ta yi tana tuƙa jirgin lantarki mai tarago ɗaya, wanda ke tashi daga kasuwar garinmu ya ratsa gonakin shinkafa ya haura dutse. Tana da shekara sha tara aka ɗauke ta aiki, lokacin da yaƙi ya kwashe maza. Mace ce mai takura. Ka ce mata ka kulle ƙofa, sai ta ce, "Ka gani, ko dai faɗa ka yi?" Ina yaro wannan tambaya haushi take ba ni ƙwarai, sai da na girma na san mafarinta.

Layin guda ɗaya ne, jirage biyu ba sa giftawa sai a tashar Gada. Don haka kowane yanki yana da faifan tagulla ɗaya tak mai huda a tsakiya cikin jakar fata, kuma wanda ke riƙe da shi shi ne mai hanya. Na kasuwa zuwa Gada hudarsa zagaye ce, na Gada zuwa dutse kusurwa uku. Doka ce direba ya buɗe jakar, ya nuna faifan da yatsa, ya faɗi siffarsa da ƙarfi kafin ya motsa.

Wata safiya a hunturunta na farko, dusar ƙanƙara na zuba, ta iso Gada da mutum kusan sittin, yawanci mata masu kwandunan kayan lambu. Ba ta ga jirgin da ya kamata ya gangaro daga dutse ba. Baba Genzo, dattijon da ke kula da tashar, ya karɓi jakarta ya shiga ɗaki, ya fito ya miƙo mata jaka. Ta ɗauka an soke wancan jirgin ne, don a lokacin sokewa ba abin mamaki ba ce.

"Yi sauri 'yata, kunnuwana za su guntule," in ji shi.

Yatsunta sun ƙage da sanyi. Ta nuna jakar a rufe, ta ce, "Kusurwa uku!" Ta saki birki.

Sai da ta hango bakin ramin da aka huda cikin dutse zuciyarta ta ƙi kwanciya. Ta ɓalle maɓallin jakar da haƙori. Hudar zagaye ce. Nata faifan tsohon ya mayar mata. Ke nan mai kusurwa ukun yana hannun Rikimatsu, direban da ke gangarowa da cikakken izini, bai san da ita ba.

Ta ja birki har kwanduna suka kife.

"Ke direba, ƙwai ne fa a cikin nan," wata tsohuwa ta ce.

Goggo ta ji wayar lantarki ta sama ta fara tsuwa, irin wadda take yi in wani jirgi na tafe. Juya sandar da ke ɗauko wuta daga wayar a koma baya aikin minti biyar ne, ba ta da su. Ta cusa faifan a aljihu, ta fizgi jar tuta da fitila, ta dira, ta shiga ramin da gudu.

Ta ce mini tsoro bai taɓa kama ta irin na ranar ba. Ramin faɗin jirgi ɗaya ne, babu inda mutum zai raɓe. Takalminta ɗaya ya cire, ta faɗi, ta tashi. Ƙarfen dogo na rawa a gefen ƙafarta. Da hasken jirgin ya ɓullo ta tsaya tsakiyar layi tana kaɗa fitila, idonta a rufe, tana jin ƙarar birki na matsowa. Taku huɗu ya rage jirgin ya tsaya.

Rikimatsu ya sauko. "Ke 'yar gidan Nukui, in kin gaji da duniya ai ga kogi can, sai a gabana?"

Ta miƙa masa faifan. Ya shafa hudar, ya zauna a kan layi.

A wajen bincike Baba Genzo ya ce laifinsa ne shi kaɗai. Goggo ta miƙe ta ce, "A'a Baba, ni na faɗi abin da ban gani ba." Aka dakatar da ita wata uku, shi kuma aka sallame shi.

Da motoci suka yi yawa aka rufe layin. An yi taron bankwana a Gada, ni na raka ta. Manajan layin, wani sabon zuwa da bai san komai ba, ya raba wa tsofaffin ma'aikata faifan tagulla don tunawa. Goggo ta buɗe tata jakar ta duba, na ga fuskarta ta canja. Zagaye ne.

Jirgin ƙarshe zai haura dutse, an yi masa ado da furanni, kowa ya shiga. Na ce, "Goggo, mu ake jira."

Ta dubi jirgin, ta dubi abin da ke hannunta. "Da wannan ba a shiga can," ta ce.

A ƙafa muka koma gida, mil shida, tana riƙe da shi gam.