'Mathuso Ramokhele, Wadda Ta Yi Aiki Aka Yaba wa Wata

An haifi marigayiya Limakatso a shekarar 1958 a garin Mafeteng na ƙasar Lesotho. Mahaifinta, Tefo Matsoso, mahaƙin zinariya ne a Afirka ta Kudu, mahaifiyarta 'Mamotena kuwa ita ta riƙe gida da gona har ya dawo da ciwon huhu ba tare da diyya ba.

Karatu da Aure

Ta yi firamare a makarantar mishan, inda ta saba zuwa ta ɗaya, kuma malamanta sun shaida cewa shekarar da ta zo ta biyu sai da aka lallashe ta kafin ta ci abinci. A 1979 ta auri Lefa Ramokhele, direban motar haya, dangin miji suka raɗa mata suna 'Mathuso bisa al'ada.

Aiki da Gwagwarmaya

A 1988 ta kama aiki a wata masana'antar ɗinka wanduna a Maseru, kekenta yana daura da na wata budurwa mai zaƙin murya, Moroesi, suka zama aminai masu cin tuwon masara a kwano ɗaya a bakin ƙofa. A zamanin, duk macen da ta tafi haihuwa sai ta dawo ta tarar an ba wata kekenta. 'Mathuso ce ta bi ɗakunan haya tana shawo kan mata su shiga ƙungiya, ita ce kuma ta zauna da masu masana'anta a yajin aikin 1996 har suka amince da hutun haihuwa da komawa bakin aiki.

Ranar da za a sanar, muryar 'Mathuso ta dishe. Moroesi ta hau kan ganga ta yi shela, ta ɗora da waƙa, gidan rediyo ya ɗauka. Tun daga ranar mata suke cewa "hutun Moroesi", kuma 'Mathuso ba ta taɓa jin kalmar ba tare da ta yi tsaki ba.

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," 'Mathuso ta ce wa Moroesi.

"Yaya, ni aron baki kawai na ba ki."

"To dawo min da abina tun da muryar ta buɗe."

Rabuwar Ƙungiya

A 2001 aka zaɓi Moroesi sakatariyar ƙungiyar. Marigayiya ta janye magoya bayanta ta kafa wata ƙungiya, tana cewa aƙida ce ta raba su, alhali kowa ya san hassada ce tsagwaronta. Masu masana'anta suka ji daɗi, suka riƙa kiran wannan yau, waccan gobe, har batun hutun jinyar iyaye da aka kusa cimma ya bi ruwa. Moroesi kuwa sai ɗaukaka take yi, domin hassada ga mai rabo taki ce.

Ƙarshen Rayuwa

Mijinta ya rasu a 2009, ta yi ritaya a 2012, bayan shekara biyu kuma ɓarin jikinta ya shanye. 'Ya'yanta maza suna Afirka ta Kudu, 'ya'yanta mata kuma suna kan keken ɗinki ba su da ikon barin aiki su yi jinya. Moroesi, wadda ita ma ta ajiye aiki, ta ɗauko bargonta ta tare a gidan, tana yi mata wanka tana ba ta kunu a baki.

"Kin zo ne a ce har jinyar ma ke kika yi," in ji 'Mathuso.

"Buɗe baki dai, kunun zai huce."

Da ta ji ajali ya matso, ta tara 'ya'yanta ta yi wasiyya guda: "Ranar da za a binne ni, kada a ba matar nan lasifika. Rana ɗaya dai a bar min tawa."

Rasuwa da Jana'iza

Ta rasu a watan Yuni na 2016 tana da shekara hamsin da takwas, aka binne ta ranar Asabar a Mafeteng. 'Ya'yan sun cire sunan Moroesi daga masu jawabi, amma dattawan dangi suka tsaya a kan cewa ba a rufe gawa sai mai jinya ta tashi ta ba da bayanin ciwon, kuma mai jinya ɗaya ce. Moroesi ta tashi ta bayyana ciwon, sannan ta shaida wa jama'a cewa hutun da ake kira da sunanta gumin 'Mathuso ne daga farko har ƙarshe. Jama'a suka yi kuka, suka watse suna cewa ba su taɓa ganin mace mai tawali'u kamar Moroesi ba.

Marigayiya ta bar 'ya'ya huɗu: Thuso, Khotso, Nthati, da auta Lineo, wadda a lokacin jana'izar take cikin hutun Moroesi.