Fulas ɗin da na saya wa Baba

Jiya na biya ta gonar Baba a Gbalahi, na same shi a gindin kaɗanya shi kaɗai. Fulas a buɗe, tuwo na ta tururi, ko loma bai kai ba.

Ni na saya masa fulas ɗin, na ƙarfe mai riƙe zafi, don Mma ta huta da kai masa abinci cikin rana. Yanzu tun safe take zuba masa, ya ɗaure a bayan keke.

Na ce, "Baba, ko miyar ayoyon ce ba ta yi ba?"

Ya ce, "Ta yi, Allah ya yi maka albarka. Sai dai a da, in uwarka ta kawo, takan zauna har in gama. Gida cike yake da jikoki, a nan kaɗai muke samun hira. Tuwon kan iso a sanyaye, amma ban taɓa damuwa ba."

Ashe ƙafafun Mma kawai na tausaya wa, ban tambayi abin da ke kai ta gonar ba.

Jama'a, in karɓe fulas ɗin ne, ko in bar tsoho yana cin tuwo mai zafi shi kaɗai?