Azumin da Na Nemi Yawu Na Rasa

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don ina tsoron ɗaukar alhakin wani. Amma abin da ya same ni a wani azumi, gab da soja su miƙa mulki, ba zai bar raina ba har in mutu.

Lokacin ina ɗinki a unguwar Laranto, cikin Jos, kayan Sallar mutane jibge a shago, ga murɗar ciki. Na je wurin wani mai kemis a Taminus, wanda ya sayi farar riga ya naɗa kansa Dokta. Ya ba ni ƙwayoyi: safe, rana, dare.

Na ce, "Dokta, ina azumi. Na ranar fa?"

Ya ce, "Oga tela, wannan ma tambaya ce? Haɗa duka ka watsa da sahur."

Na watsa. Ciki kam ya yi tsit. Amma ni da nake yini ina tofar da yawu don waswasin kada ya karya mini azumi, sai na nemi yawun na rasa. Ana ruwa, ga sanyin Jos, ni jikina zafi rau, babu ɗigon gumi. Fitsari ya maƙale. Na ɗaga allura, kafarta ta ɓace mini. Tela ba ido, Sallah na matsowa!

Na lallaba na koma wurin Dokta. Ya haska idona da tocila, ya girgiza kai.

"Ka ga yadda baƙin ya buɗe? Wannan ba na asibiti ba ne. Da wa kuke gasar ciniki?"

Da maƙwabcina ne, wani tela Bayarabe. Da na dawo shago, shi kuwa maƙwabcin ya ga ina laluben almakashi, ya ce, "Aboki, hau Besfa, mu tafi asibiti."

Likita ta juya ƙwayoyin ta ce, "Malam, ba wanda ya jefe ka. Abin da ke kwantar da hanji shi ke busar da baki, ya riƙe fitsari, ya hana ganin kusa. Kai kuma ka sha na yini guda tashi ɗaya!"

Na daina sha, ido ya dawo a hankali. Wanda Dokta ya so in zarga shi ya ƙarasa mini ɗinkin Sallah.

Tun ranar na gane farar riga yadi ce kawai, ni ma ina ɗinka ta. Don Allah, wanda ya san ko Doktan nan yana nan yana haɗa wa masu azumi magani, ya sanar da ni. Har yau ina kwana da tunanin wanda ya shiga kemis ɗinsa bayana.