Ranar da Na Zaga Sabha da Yayar Mijina

Yayar mijina ta sauka a gidanmu na unguwar Gurda a Sabha ta ƙasar Libiya da akwatuna da tagwaye masu shan nono da 'yarta ta fari. Tun kafin ta cire takalmi ta dubi titinmu, ta dubi tarin bulo da ke bakin ƙofa, ta ce, "Wai nan kuke? Sabha ai ba gari ba ne, tasha ce. Wanda ƙafarsa ta gaza ƙarasa hanya shi ke zama a nan."

Na ce, "Sannu da hanya, Yaya." Na miƙa mata ruwa. Maganar kuwa na ajiye ta a inda nake ajiye irinta.

A Turabulus take aure. Mijinta gadin wani kanti yake yi, amma in ta buɗe baki sai ka rantse ita ta haƙa teku. Nawa mijin, ƙanenta, bulo yake bugawa a wani fili da ke bayan unguwa, ni kuma ina dafa wa leburorin gini abincin rana. Da wannan muke ci, da shi 'yata ta fari take zuwa lakwal, wato makarantar boko.

Washegari muna cin tuwo ta ce wa mijina, ba tare da ta ko kalli inda nake ba, "Ƙanena, 'yar nan taka da ita zan koma. Ta ga teku, ta ga duniya, ta ɗan riƙa kama mini tagwaye. Me za ta zama a nan, cikin siminti?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya."

Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ba ya iya ce mata a'a ko da kan gishirin miya ne. Ni kuma bakina a ɗaure yake. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna tana sonsa a gaban mutane. In dangin uba suka ce za su ɗauka, amsarta ɗaya ce: ai naku ne. Wadda ta ce wani abu daban, labarin rashin kunyarta zai riga ta isa gida, ya kuma jira 'ya'yanta har ranar aurensu.

Na ce, "Ai taku ce." Na ji kalmar tana yanka mini harshe.

Ni na san fassarar "ta ga duniya." Ni ma 'yar fari ce. Ina famfarar haƙori aka ba wa gwaggona ni a Damagaram, da alkawarin za a sa ni lakwal. Farantin talla aka ɗora mini. Na yi reno, na yi daka, na yi ɗiban ruwa, har aka aurar da ni ban san yadda ake riƙe alƙalami ba. Sai da furfura ta fara leƙo mini a nan Gurda na zauna gaban wata malama 'yar Maradi da ke koya wa mata karatu bayan la'asar, ina haɗa baƙi da wasali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, 'yata tana gefe tana yi mini dariya tana gyara mini. Wannan yarinyar ce za a ɗora wa tagwaye.

Da muka keɓe na ce wa mijina, "Maigida, ka bayar ke nan?"

Ya ce, "To me zan ce? Ita ce uwata."

Na ce, "Ba komai. Ranar Juma'a ka ce ba ka da wani uzuri. Baƙuwa ta zo, ya kamata a nuna mata gari."

Ya dube ni da kyau, domin ya san ni, amma bai tambaya ba.

Abin da na gani shi ne wannan. 'Yar Yaya, wadda ba ta wuce tawa da komai ba, tun da suka zo take maƙale a bakin ƙofa tana leƙen titi kamar kaza a akurki. Na ce, "Ke ba kya fita ne a can?" Ta ce, "Tanti, Mama ta ce ana kamen baƙi. Ta taga nake kallo." Na ce, "Tekun fa?" Ta ce sau ɗaya ta taɓa ganinsa, daga cikin mota. Sannan na kasa kunne ga yadda uwar take kiranta. "Ke!" "Waccan!" "Yarinyar nan!" Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunanta ba, alhali in yarinyar ta yi tari sai ka ga uwar ta daina tauna. Ta daɗe ba ta haihu ba kafin ta same ta. Ashe igiyar da ta ɗaure ni da ita, ɗaya bakin a wuyanta yake.

Na je wajen Baba direba, dattijon garinmu da ya tsufa a hanyar Agadas. Yana da mota mai buɗaɗɗen baya. Na ce ya kai mu zarda, wato fita cin abinci a gona irin yadda Larabawan nan suke yi ranar hutu, ya kuma zo da matarsa Inna. Da gangan na ce da matarsa. Abin da Inna ta ji da azahar, kafin la'asar ya tsallake Sahara.

Muka fita da safe. Yaya ta sha leshi da takalmi mai tsini, ta zauna gaba da tagwaye, mu muka hau baya da tukunya da buhun gawayi.

Filin bulo muka fara zuwa. Yaya ta ce, "Nan ne wurin yawon?" Ta toshe hanci da gyale, ta ƙi sauka. Mai gadin wurin mutuminmu ne, ya kwaɓa ɗan siminti, mijina ya zuba a ƙwarya ya buga ya juye, bulo ya fito a tsaye yana sheƙi. 'Yata ta kama hannun 'yar Yaya ta danna a kai. Yarinyar ta ɗaga hannu ta ga yatsunta biyar sun zauna a jikin bulo, ta ƙwala ihu, "Mama, zo ki ga hannuna!"

"Ke, za ki ɓata kayanki!"

Na ce, "Bar ta, Yaya, ruwa bai ƙare a Sabha ba."

Daga nan sai garejin manyan motocin kamyo, waɗanda ke shiga hamada da kaya har sun fi gida tsawo. Duk direbobin sun san ni, tuwona suke ci. Wani ya ɗaga yaran ya sa su gaban mota, ya nuna wa baƙuwar inda ake danna oda. Ta danna. Tagwaye suka fashe da kuka, wani mai walda ya yar da ƙarfensa yana zagin direban da Larabci, direban yana rama masa da Hausa, yarinyar tana dariya har da shaƙuwa. Ta sake dannawa.

Baba direba ya bi da mu ta inda ake hango wata tsohuwar ganuwar soja da ke kan tudu. Ba a matsawa kusa, akwai masu bindiga, amma daga titi ma ta isa kallo. Ya ce wa yaran, "Kun ga wannan? Har a jikin takardar kuɗin ƙasar nan an taɓa buga ta." Na leƙa ta tagar gaba na ce, "Yaya, ashe har tasha ake sa wa a jikin kuɗi?" Muka ratsa tsohuwar unguwar Jadid, lunguna da katangun ƙasa kamar ka ɗauko unguwar Birni ta Damagaram ka ajiye. A nan sai da Yaya ta sauka, don Inna ta ce a gaisa da wata tsohuwa. Tsinin takalminta ya nutse a rairayi, ta ciro, ya sake nutsewa. Na riƙe mata hannu cikin ladabi. Ban gaya mata akwai silifas a jakata ba.

Da aka sauko daga masallaci muka nufi gonar da wani ɗan'uwan Inna yake wa aiki a bayan gari. Dabino ya nuna, inuwa ta yi kauri, ga tafkin siminti da ake tara ruwan ban-ruwa, ruwan sanyi ƙalau daga ƙarƙashin ƙasa. Kafin uwar ta ce "ke" yarinyar tana ciki har ƙugu. Suka fito suka hau tudun rairayi da ke bayan shinge, suka riƙa gangarowa a kan faifan tukunyata. Ɗan'uwan Inna ya sauko musu da dabino ɗanye. Ni kuwa na dafa taliya da nama da yaji a tukunya ɗaya irin ta mutanen nan, na zuba wa baƙuwar yarinya tsoka mafi kyau. Duk wannan ina yi ina kallon uwar ta wutsiyar ido.

Aka ci, aka ɗora shayi, Baba direba yana zuba gyaɗa a ƙananan kofuna. Sai ga yarinyar ta zo, kai duk rairayi, kaya a jiƙe, ta faɗa jikina ta ce da ƙarfi, "Mama, ni ba zan koma ba. A nan zan zauna wajen Tanti."

Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na gyara ɗaurin kallabina.

Na ce, "Baba, Inna, ga ku ga Allah. Yaya ta yi mana karamci, ta ce za ta riƙe mana tamu, mun gode. To zumunci ba ya tafiya da ƙafa ɗaya. Kawun yarinyar nan tun jiya yake so ya roƙi tata, nauyin Yaya ya hana shi. Ni na ce bari in ara masa baki."

Mijina ya ƙware da shayi.

Baba direba ya tafa hannu ya ce, "Madalla! Haka iyayenmu suke yi, a ba ka ka bayar. Kawu ai uba ne. Kai kuma malam, wannan har abin jin nauyi ne?"

Mijina yana tari ya ce, "E... to... haka ne, Baba."

Inna ta juya ga Yaya ta ce, "Ke kuma ai ba ki da ta cewa. Ba 'yar fari ba ce?"

Na ga jijiyar wuyan Yaya ta miƙe. Ta dubi ƙanenta, ya dubi kofinsa. Ta dubi Inna, wadda wayarta ke kan cinya. Sannan ta ce, da wata murya kamar ta mai ciwon haƙori, "Ai... taku ce."

Na ci nama a ranar, na ci dabino, amma ba abin da ya kai wannan kalmar zaƙi.

Na ce, "Allah ya saka, Yaya. Dama ina neman mai kama mini wankin tukwanen leburori, bayana ya fara ciwo. Kada ki damu. Za ta ga duniya."

A hanyar komawa Yaya tana gaba da tagwaye. Yaran suna baya suna waƙa, 'yarta tana tambayata ko gobe ma za a je wajen kamyo. Na ce, "Kullum ma, 'yata," yadda za a ji a gaba.

Gaskiya da ta bar mini yarinyar, lakwal zan sa ta tare da tawa, ba kuma za ta taɓa mini tukunya ba. Amma ban ga dalilin gaya wa uwar haka ba. Na bar ta ta kwana da hoton tukwanen, baƙaƙe, masu kauri, irin waɗanda sai an shiga da hannu har kafaɗa.

Da safe ina hura wuta ta same ni a madafa. Karon farko ke nan da ta shigo wurin.

Ta ce, "Ƙanwata, mun yi waya da maigidana. Ya ce ɗakin ya yi mana kaɗan, ga kame ya yi yawa a can. Ya ce a bari tukuna sai yarinyar ta ƙara wayo."

Na ce, "Wace yarinyar, Yaya? Taki ko tawa?"

Na ci gaba da fifita wuta.

Ta ce, "Duka biyun."

Na ce, "Af! Ni kuwa har na share mata wurin kwana. To ni dai ba ni da ta cewa, magana ce ta manya. A gaban Baba aka ƙulla, sai ki je ki kwance a gabansa, kada a ce ni na hana ki 'yar ƙanenki."

Ta je. Da takalminta mai tsini ta taka har gidan Baba direba a cikin rana, ta zauna gaban Inna ta faɗa da bakinta cewa ita ta fasa. Na raka ta, don kada ta ɓata a tasha.

Ranar da za su tafi 'yar Yaya ta yi kuka har ta shiɗe, ta riƙe ƙofarmu sai da aka ɓamɓare yatsunta. Wannan ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Na cusa mata dabino a jaka na ce mata a kunne gonar ba za ta gudu ba. Tawa kuwa tana tsaye da jakar lakwal a kafaɗa, ta makara, tana jira a gama sallama ta wuce. Na daka mata tsawa na ce, "Ke, waccan, me kike jira?" Ta tafi tana murmushi, domin ta san abin da tsawar take nufi.

Bulon nan mai hannu, da ya bushe na sa mijina ya kawo mini shi. Na sa an gina shi a katangar madafa, daidai inda nake jingina tukwane. Duk Sallah nakan ɗauki hotonsa in tura wa Yaya, in haɗa da saƙon murya in ce, "Barka da Sallah, Yaya. Ki gaida 'yata, ki ce mata wurinta yana nan."

Takan saurara, ina ganin alamar ta saurara. Ba ta taɓa amsawa ba, ba ta kuma sake kiran Sabha tasha ba, aƙalla ba a inda zai dawo kunnena ba.