Bindigar Delbert Guda Ɗaya

Delbert Krause mijin yayata ne, kuma ba zan ɓoye ba, ina ƙaunarsa. Sana'arsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ba ya shan giya, ba ya fashin coci, ko kaza zai yanka sai ya kau da kai. Amma in ka kuskura ka taɓo masa zancen bindiga, to nemi kujera, don abincinka sai ya huce.

Kafin aurensu Yaya Marlys ta gindaya masa sharaɗi guda: bindiga ɗaya tak a gidanta. Ya ce ya ji ya gani. Ya je ya sayo irin wadda kowa ke saye a nan tsakiyar Texas, mai rabuwa gida biyu in ka zare ƙusa biyu. Rabin sama shi ne mai bututu da madubin hange, rabin ƙasa kuma mai kunama da lambar hukuma. A wajen doka na ƙasan shi kaɗai ne bindiga. Na sama ƙarfe ne kawai, mai kawo saƙo ma yana iya ajiye maka shi a bakin ƙofa. Wannan kafar Delbert ya hango, ya kuma bi ta a guje.

Da fari ya ƙaro sama guda, wai na barewa. Sai na aladen daji. Sai wani gajere na ɓarayi, alhali rabon da a yi sata a yankinmu har an manta. Akwai na harbin nesa, akwai na harbin gwangwani, akwai wanda ya saya don kawai an yi rangwame. Da suka kai tara ya kafa musu katako a bangon gareji ya jera su, yana bin su da mai da tsumma.

Wata rana Yaya ta leƙa, ta riƙe ƙugu. "Delbert, waɗannan kuma fa?"

"Haba uwargida, duba da kyau. Kunama nawa kika gani?"

"Ɗaya."

"To madalla. Ni ban karya alkawari ba."

A shagon harsashi na cikin gari, inda maza ke zaman kashe wando, ra'ayi biyu ne. Su tsoho Virgil sun ce kowane sama sai da nasa ƙasa, in ba haka ba tarkace ka tara. Da Delbert ya shigo sai Virgil ya ɗaga murya, "Ga mai riga tara wando ɗaya!"

"Kai tsoho, hannu nawa gare ka? Ko duka bindigogin nan naka shida kake harbawa lokaci guda?"

Haka suke yi shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa sauya ra'ayi.

Da Mama ta rasu, awakinta ne suka zama rabon Yaya, farare masu jan kai, garke ɗan madaidaici. Ba a jima ba diloli suka gano hanyar gidan. Duk akuyar da aka ɗauke, Delbert yana da bayani. Ranar farko saman alade ne a ɗaure, harsashinsa ba ya kai wa nesa. Wata rana kafin ya gama zare ƙusa ya sauya, dila ya tsallake waya. Wata rana kuma madubin bai saitu ba. Na ce masa ya bari in zo da tsohuwar bindigar Baba in yi musu kwanton ɓauna, ko kuwa su sayi jaki su sake shi cikin garke ya riƙa korar diloli yadda maƙwabta ke yi.

"Jaki?" Ya nuna mini bangon garejin. "A gidan da ke da wannan? Kai yaro, so kake Virgil ya mutu da dariya?"

A haka garken ya ƙare, saura tsohuwar akuya guda mai suna Pearl, wadda Mama ta shayar da ita da kwalba tun tana 'yar jaririya. Kullum da yamma Yaya takan zauna a bakin shinge tana sosa mata kunne tana yi mata hira. Ba ta taɓa faɗa ba, amma na san da wa take hirar.

Delbert ya ga abin ya kai intaha, ya yi rantsuwa zai kawo ƙarshensa. Ya yi odar sama na goma, na dila zalla, mai launin yashi. Da ya ɗaura shi sai ya ga na ƙasan baƙi ne wuluk, ba su dace ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya kai ƙasan wurin mai fenti a cikin gari.

Ranar Asabar na kawo musu dusa, muna karin kumallo da ƙwai da gahawa, sai muka ji kukan Pearl. Diloli biyu, gari a waye sarai. Delbert ya zabura ya faɗa gareji. Na ji takunsa ya tsaya cak. Can sai ga shi ya fito ba ko takalmi, safa kawai a ƙafarsa, riƙe da sabon saman nan kamar taɓarya, yana ihu yana wulwula shi. Ni kuma ina jifa da duwatsu. Dilolin sun gudu, amma sun riga sun yage mata maƙogwaro.

Yaya ta zauna a ƙasa ta ɗora kan akuyar a cinyarta har ta daina motsi.

Delbert ya ɗauki shebur ya hau tonon rami a ƙasar nan tamu mai dutse, hannunsa ya yi kanta, hawaye na zuba, na gaske ba na ganin ido ba. Raina ya ɓaci har na so in karɓe shebur ɗin in maka masa, amma kukansa ya kashe mini jiki.

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Hannunsa duk ƙasa, ya danna ta da gaɓar yatsa, muryar mai fenti ta fito kowa na ji.

"Delbert, mutumina! Zo ka ga kaya! Fenti ya kama, wallahi sai ka rantse yashi ne!"

Ya kashe da sauri. Amma na ga idonsa ya kai kan akori-kurarsa, Yaya ma ta gani.

Ta ce a hankali, "Je ka ɗauko abinka, Delbert. Ba sauran abin tsaro a gidan nan."

Gaskiya sai da ya gama rufe ramin, har ya jera duwatsu a kai. Sannan ya wanke hannu ya tafi, don shagon mai fentin na tashi da wuri ranar Asabar.