Katifar da Na Gwada wa Inna

Abin ya daɗe, kuma ban amince da tunanina kamar da ba. Mai yiwuwa na haɗa ranar kasuwa biyu na mayar ɗaya, ko na sa wa wani maganar da wani ya faɗa. Abin da na tabbata shi ne zamanin soja ne, lokacin da ko mai sayar da albasa zai kira ka kamarad idan ya ga rigar ofis a jikinka, kuma ban daɗe da dawowa garinmu Malanville daga karatu a birnin Kwatano ba.

Na tarar Inna ta tashi daga doguwar jinya. Dama can ba ta da jiki, zazzaɓin kuma ya kwashe sauran. Ƙanwata, wadda ke kula da ita, ta ja ni bayan rumbu ta gaya mini cewa fatar ƙugun Inna ta dama ta yi ja, ta fara saɓulewa. Lokotoro, wato likita, ya ce idan wurin ya buɗe ya zama gyambo, a irin wannan jikin, warkewa za ta yi wuya. Ya ce a riƙa juya ta. Inna kuwa tun tana yarinya a ɓarin dama take kwana, hannu a ƙarƙashin kunci, fuska gabas. Ta ce ba ta san lokacin da za a zo ɗaukar ranta ba, kuma ba za a same ta ta ba alƙibla baya ba. Ko an juya ta, kafin a bar ɗakin ta koma.

Ni ne ɗanta na fari. Ba ta kama sunana, ba ta duban idona, balle ta gaya mini inda ke mata ciwo. "Wancan" take ce mini, shi ma ta bakin ƙanwata. Saboda haka ban taɓa ganin wurin ba. Kwatance kawai ake mini, ni kuma in ƙara masa girma a raina.

Katifarta ta audugar rimi ce, ta dunƙule ta yi ƙulli-ƙulli. Tunda Inna ba za ta juya ba, na ga sai dai a canza abin da ke ƙarƙashinta. A Kwatano na taɓa kwana a kan katifar roba, irin wadda ake yi da ƙaron itacen roba, mai nauyi da ƙananan ramuka, ba soson da aka saba gani ba. Na ji labari wani Alhaji a babbar kasuwa ya shigo da su daga Najeriya.

Yaro ba ya sayen babban kaya shi kaɗai, don haka Kawu, yayan Inna, ya raka ni. Ɗan kasuwar shinkafa ne, ƙaton mutum. A wurinmu an san yadda ake gwada katifa: a danna da dunƙulen hannu, sannan wanda ya fi kowa nauyi ya zauna. Wadda ba ta lotsa ba, ita ce mai kyau. Iri biyu ke wurin Alhajin. Kawu ya zauna a kan mai taurin, ya ɗan yi tsalle da mazaunai.

"Wagga ita ce katifa," in ji shi. "Jikokinka ma sun kwana bisanta."

"Ka san kaya," in ji Alhaji. "Waccan mai taushin ta amare ce."

Ni dai ina tsaye ina lissafi. A nauyi Kawu ya yi Inna biyu, ko fiye. Abin da ya ɗan lotsa masa, ita ƙila kamar daɓe zai zame mata. Amma wa zai gwada? Inna ko tana iya tafiya, tsohuwa ba ta kwanciya a kasuwa gaban maza. Ƙanwata matar aure ce. Sai na tuna tun ina lakwal, wato makarantar boko, ake mini ba'a cewa jikin uwata na ɗauko, tsinke ake kirana. Na cire takalma, na kwanta a ɓarin dama, na sa hannu a ƙarƙashin kunci.

"Mi kake yi?" in ji Kawu ƙasa-ƙasa. "Tashi."

"Kawu, a yi mini haƙuri kaɗan. Ciwon ba ya zuwa nan take."

Mai tabarmi na rumfar kusa ya leƙo. "Kamarad, an kore ka daga gida ne?"

"Ku bar shi," in ji wani, "karatu ya gajiyar da shi. A kawo mishi bargo."

Wata mai kifi ta faɗi wani abu da Dandanci, aka kwashe da dariya. Kawu ya ce duk ranar da na nemi aure a garin, da wannan za a tuna ni. Mutane suka fara taruwa, kuma a wancan zamanin taro ba abin so ba ne. Can na ga takalman jandarma daidai fuskata. Na yi tunanin sabon aikina, na yi tunanin abin da za a rubuta a kaina. Kawu ya ce masa ni ɗan ƙanwarsa ne, gwaji nake yi. Jandarman ya danna katifar da sandarsa, ya ce mai taurin ta fi, ya wuce.

Ban tashi ba. A kan mai taurin, ƙashin ƙuguna da kafaɗata suka ɗauki nauyina duka, har hannuna na shiga ta ƙarƙashin kwiɓina ya fita. Bayan ɗan lokaci wurin ya soma zugi. Na koma kan ta amaren. Ƙugun ya nutse kaɗan, kwiɓin ya sami abin jingina, zugin bai zo ba. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Idan roba ta sa Inna zufa, wurin ya jiƙe fa? Idan taushin ya hana ta miƙewa alwala? Na sake gwada su duka, har Alhaji ya daina dariya ya fara duban hanya.

Na ce mai taushin.

"In ta lotsa kafin damina," in ji Kawu, "kada ka zo wurina."

A kura aka kai ta gida. Muka shanya ta a inuwa don warin robar ya fita, ƙanwata ta shimfiɗa mata zanen saƙi saboda zufar. Inna ta koma kwana a kanta. Kullum da safe kafin in tafi aiki sai in tsaya bakin madafa, ƙanwata ta ce, "Yana nan dai." Wata rana ta ce jan ya ragu. Wata rana kuma ta ce ya bushe. Bai buɗe ba. Ba zan rantse katifar ce ba, don a lokacin ana shafa mata man da lokotoro ya bayar, kuma ta fara cin abinci.

Wata rana da azahar ina tsakar gida, na ji muryar Inna daga ɗaki, da ƙarfin da zan iya ji.

"Ki gaya wa wancan ya bar kwanciya cikin kasuwa, ana kawo mini magana." Sai ta ƙara da cewa, "Ki sa mishi kan kifin." A gidanmu, kan kifi rabon wanda ake ji da shi ne.

Da na ba ƙanwata wannan labarin kwanan baya, ta ce ba kan kifi Inna ta ce ba, tsakiya ce, kuma wai jandarman ban gan shi ranar ba, wata rana ce daban. Kawu da Alhajin sun riga mu gidan gaskiya. Idan akwai wanda ke layin masu katifa a ranar, ko ya ji daga wanda ke wurin, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara, musamman kan abin da mai kifin ta faɗa, don hayaniya ta hana ni ji, kuma har yau ba wanda ya yarda ya maimaita mini.